Daga Akwatin Kiɗan Wurno Zuwa Masaƙun Sharaɗa

A watan Afrilu na 1853 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya komo Wurno daga wani yaƙi, sai baƙonsa Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya sake kai masa gaisuwa. Cikin kayan da ya miƙa akwai wani ɗan akwati wanda in an yi masa wani sai ya kama kiɗa shi kaɗai, ba hannu ba baki. Barth ya rubuta cewa abin ya burge Sarkin Musulmi ƙwarai, har ya aika a kirawo masa Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo ya zo shi ma ya ji. Waziri na zama, akwati ya ɗauke. Sauyin yanayi da jijjigar doguwar tafiya sun riga sun taɓa cikinsa. Abin da Barth ya tsinta daga wannan kunya shi ne shawara ga matafiya 'yan'uwansa, cewa su daina kai wa sarakuna kyautar akwatin kiɗa, don ba ya jimawa yake lalacewa.

Shekara 30 kafin haka an yi makamancin wannan zama a Kukawa. Manjo Dixon Denham, ɗaya daga cikin Turawan Ingila da suka ƙetaro hamada daga Tarabulus, ya kunna wa Shehu Muhammadul Amin Alkanemi nasa akwatin a 1823. Shehu ya dafe fuska da hannu yana saurare, bai yarda kowa ya katse masa ba, daga baya ya nuna cewa ko da tsadar gaske za a sayar da irinsa, a wurinsa araha ne. Denham ya bar masa shi. Waɗannan shugabanni ba mutanen da ƙyalƙyali ke ruɗa ba ne. Shehu ya ja kafintan tawagar, William Hillman, a jiki, ya sa shi ƙera kekunan ɗora igwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, da Clapperton, abokin tafiyar Denham, ya iske shi a Sakkwato a 1824, kamfas da madubin hangen nesa suka fi ɗaukar hankalinsa, kuma a zuwa na biyu littafin lissafin Uƙlidisu na Larabci aka kawo masa. Mutane ne masu son sanin yadda abu ke aiki. Sai dai abin da ya iso hannunsu akwati ne rufaffe, babu maƙerinsa, babu zanensa, babu kayan gyaransa.

Saboda Kano na ɗauko waɗannan labarai. Duk wanda ya ratsa Bompai ko Sharaɗa ko Challawa ya ga dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe sun yi tsatsa, ya san akwai manyan injuna a garin nan da su ma suka ɗauke. A ganina alaƙar ta wuce kamanni. Injin saƙa da akwatin kiɗa kakansu ɗaya, kuma ƙasashen da suka iya ƙera masaƙa a wajen ƙera kayan wasan manya suka gyara hannu, da kuɗin sarakuna da attajirai masu neman abin nishaɗi.

A buɗe akwatin tukuna. Akwai siririn ƙarfe nannaɗe wanda ke ajiye ƙarfin hannun mai yin wani, yana sakinsa a hankali. Shi ke juya wata 'yar ganga ta tagulla da aka kakkafa wa ƙananan ƙusoshi, wani lokaci dubbai. A gaban gangar akwai mataji na ƙarfe, kowane haƙori da tasa murya, dogo kauri, gajere siriri. Ganga na juyawa, ƙusa na tsinkar haƙori, sauti na fita. Wata 'yar fanka kuma tana tauye gudun don kada waƙar ta zube gaba ɗaya. Wani mai agogo a Janeba, Antoine Favre, ake jingina wa wannan dabara ta mataji a 1796. Abin lura shi ne inda waƙar take: tana cikin jerin ƙusoshin. In ka sauya ganga ka sauya waƙa. Ke nan an rubuta umarni a jikin ƙarfe, an kuma ƙera abin da zai karanta shi ya aikata. Idan aka haɗa da faifai masu tudu da kwari a gefensu, waɗanda ke tura sanduna sama da ƙasa, sai a sami hannu mai ɗagawa, wuya mai juyawa, baki mai buɗewa; a ƙara ɗan zugazugi da usur, tsuntsu ya yi kuka.

Wannan ilimi ba a Turai ya fara tsayawa da ƙafafunsa ba. A Bagadaza, wajen shekarar 850, 'ya'yan Musa bin Shakir su uku, Muhammad da Ahmad da Hasan, suka fitar da Kitabul Hiyal mai ɗauke da na'urori kimanin ɗari. Sun kuma bar wata risala a kan sarewa mai busa kanta, inda ruwa ke juya ganga mai turaku, turakun suna buɗe ramukan sarewar suna rufewa. Gangar akwatin Wurno ke nan, shekara dubu kafin ta iso. Marubutan fadar Sharlaman sun rubuta labarin agogon ruwa da Halifa Haruna Rashid ya aika a 807, mai jefa ƙwallayen tagulla kan kuge, mahaya 12 suna fitowa ta tagogi. A 917 jakadun Rumawa sun ga bishiyar azurfa a fadar Halifa Muƙtadir, da tsuntsayen azurfa da zinariya suna kuka a rassanta. Manufar irin wannan a fili take: baƙo ya koma gida ya ce ya ga mulkin da ƙarfe ma ke yi wa biyayya.

Wanda na fi girmamawa a duk wannan silsila shi ne Isma'il bin Razzaz Aljazari, injiniyan sarakunan Artuƙ a Diyarbakir, wanda ya kammala littafinsa a 1206. Na'urori 50 ya bayyana. Akwai agogon giwa, akwai jirgin ruwa ɗauke da makaɗa da ke shawagi a tafkin fada, akwai butocin wanke hannu masu zuba ruwa da kansu. Amma ba ƙawar abin ce ta sa nake girmama shi ba. Aljazari ya rubuta awo. Ya faɗi yadda ake zubin tagulla, yadda ake goga murfi da mazauninsa har su haɗu ba yoyo, yadda ake manna falankai don kada katako ya karkace, yadda ake faɗaɗa ƙaramin rami kaɗan-kaɗan har ruwa ya fita daidai da sa'a. Ya rubuta ne don wani maƙeri da bai taɓa gani ba ya iya maimaitawa. Kuma a cikin littafin nan guda, bayan kayan nishaɗin sarki, akwai injunan ɗaga ruwa guda biyar, har da famfo mai silinda biyu da ke tsotso ruwa daga kogi. Hannun da ya yi wa sarki abin wasa shi ya yi wa manomi abin ban ruwa.

A ƙarni na 18 sana'ar ta kai ƙololuwa a Turai. Pierre Jaquet-Droz da ɗansa Henri-Louis da Jean-Frédéric Leschot, masu agogo na tsaunukan Suwizalan, sun ƙera mutum-mutumi uku tsakanin 1768 da 1774, har yau suna aiki a gidan tarihin Neuchâtel. Yaro marubuci, mai sassa kusan 6,000, yana tsoma alƙalami cikin tawada, ya kaɗe, ya rubuta duk jimlar da aka jera masa muddin ba ta wuce harafi 40 ba, idanunsa na bin hannunsa. Budurwa makaɗiya kuwa da yatsunta take danna maɓallan ƙaramin molo mai iska na gaske, ƙirjinta na ɗagawa kamar mai numfashi. A Landan James Cox, da taimakon John Joseph Merlin, ya fitar da tsuntsuwar ruwa ta azurfa a 1773, wadda ke lanƙwasa wuya a kan sandunan gilas masu juyawa kamar rafi ta cafko kifi. Tana gidan tarihin Bowes a arewacin Ingila. Babbar kasuwar Cox ita ce Sin, ta tashar Kanton, inda ake sayen agogunansa masu kiɗa ana kai wa Sarkin Sin Qianlong gaisuwa. Kasuwar ta cika ta batse, Cox ya karye a 1778. Sinawa kuwa ba su tsaya kallo ba: a cikin fadar Beijin da kuma Kanton an kafa maƙeru da suka warware agogunan Turawa suka koyi yin nasu.

Ba duk abin da ke cikin wannan al'ada ne abin yabo ba. Akwai damfara: agwagwar ƙarfe ta Jacques de Vaucanson da aka ce tana cin tsaba ta narkar, an gano kashin da take yi tun farko aka ɗura mata shi, Baturken ƙarfe mai wasan dara na Kempelen, na 1770, mutum ne ɓoye a cikin akwatin. Akwai kuma raini. Kamfanonin Faris na ƙarshen ƙarni na 19, irin su Vichy da Lambert da Roullet et Decamps, sun cika falon attajiran Turai da baƙaƙen fata masu kaɗa gurmi suna washe baki, da Turkawa masu zuƙar shisha, a daidai lokacin da ake raba Afirka a kan tebur. Mai kuɗi ya yi wani, baƙin mutum ya yi rawa. Wannan yana ƙona mini rai duk sanda na ga hotunansu a kundin masu gwanjo. Tun kafin haka Sarki Tipu na Maisur a Indiya ya yi wa Turawa magana da yaren nan guda: damisar katako da ta danne Bature, in an juya hannu Baturen ya yi kururuwa damisar ta yi gurnani. Ingilishi sun kwashe ta ganima a 1799, tana Landan har yanzu.

Yanzu ga gadar da ta haɗa mu da masaƙa. Jacques de Vaucanson ya nuna mabushin sarewarsa a Faris a 1738, wanda da iskar zugazugi da leɓe da harshe da yatsu yake busa waƙoƙi 12. Shekara uku bayan haka, a 1741, gwamnatin Faransa ta naɗa shi sufeton masaƙun siliki. Tunaninsu shi ne wanda ya iya sa yatsun ƙarfe su rufe ramukan sarewa bisa tsari zai iya sa zare ya tashi bisa tsari. Kafin shi ma, a 1725, Basile Bouchon na Liyon, ɗan mai ƙera molo mai iska, ya fara amfani da takarda mai huji wajen zaɓar zaren da zai ɗaga. Vaucanson ya ƙera masaƙa mai sarrafa kanta a wajen 1745, ya kuma ƙera injin feƙe ƙarfe na ƙarfe zalla don ya sami sassa daidai da awo. Masaƙan Liyon sun yi masa bore, kuma tsoronsu na rasa abinci ba na banza ba ne. Masaƙar tasa ta kwanta a ma'ajiya har Joseph Marie Jacquard ya nazarce ta, ya haɗa da kati masu huji da aka ɗinke a jere, ya fito da tasa a wajen 1804. Masaƙinmu na gargajiya yana taka allira ne rabin zaren tsaye ya tashi rabi ya sauka, ƙoshiya ta wuce. A masaƙar Jacquard kowane zare da nasa ƙugiya. Inda kati ke da huji ya tashi, inda babu ya zauna. Daga nan Charles Babbage, wanda tun yana yaro ya ga 'yar rawar azurfa ta Merlin kuma ya saye ta da ya girma, ya ari katin don injin lissafinsa, kakan kwamfuta.

Wanda ke son ganin aikin wannan masaƙa ba sai ya yi nisa ba, ya duba hannun rigarsa ranar Juma'a. Furannin da ke ƙyalli a jikin shadda ba bugu ba ne, saƙa ce ta Jacquard. Shaddar da alhazan Kano suka fi daraja, Getzner, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, a kamfanin da aka kafa tun 1818, sai a kawo ta Kantin Kwari. Garin da Barth ya gani a 1851 yana tufatar da mutane har Timbuktu da Murzuk da saƙinsa da rininsa, yau yana sayen mafi tsadar tufarsa daga wani ƙaramin gari a gindin tsaunukan Turai.

An yi ƙoƙarin juya wannan, kuma ƙoƙari ne na gaske. Bompai ce ta fara, tun zamanin Turawa, a gefen layin dogon da ya iso Kano a 1911, da matatsun man gyaɗa, daga baya kwanukan samira da alewa da turare da kekunan Raleigh. Bayan kafa Jihar Kano a 1967 da shigowar kuɗin mai aka yanka Sharaɗa kashi-kashi, sannan Challawa a bakin kogi, inda majemu suka tattaru. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun shigo da attajiran gida. Alhaji Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda, Alhaji Nababa Badamasi ya kafa Gaskiya. Jiniya na kaɗawa, ma'aikata na kwarara a kan kekuna, masu abinci na jiransu a bakin get. Duk wanda ya rayu a wannan lokaci ya san unguwanni nawa ne albashin kamfani ya gina.

Dalilan durƙushewar sanannu ne, ba kuma zan rage musu nauyi ba: wutar NEPA da ba ta tsayawa, baƙin mai da ya yi wuyar samu, atamfar fasa-ƙwauri da ke shigowa ta iyakar Nijar, arahar kayan Sin, da noman auduga da ya ja baya bayan rushe hukumomin ciniki a 1986. Amma akwai dalili guda da ba a cika ambata ba. Kusan kowane inji a waɗannan unguwanni uku a cikin akwaku ya zo, daga Ingila ko Jamus ko Suwizalan ko Jafan, tare da injiniyan da zai kafa shi ya koma. Muddin naira na da ƙarfi abin bai dami kowa ba, in haƙorin giya ya karye a aika a kawo wani. Da tsarin SAP ya karya naira daga 1986, ƙaramin ƙarfen da bai fi tafin hannu ba ya isa ya kwantar da layi guda. Kamfanin ƙera injunan ƙira da aka kafa a Oshogbo a 1980 bai kai inda aka so ba, masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da aka aza a 1979 har yau ba ta kammalu ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Fitocin Kano sun yi abin a yaba a shekarun nan. Sun ciro sashe daga mataccen inji sun rayar da wani, sun kai samfur wajen masu feƙe ƙarfe an fitar musu da kwatankwacinsa, sun san ciwon inji daga sautinsa. Da ƙofofi suka rufe da yawansu suka koma Dakata da Ƙofar Ruwa suna ƙera injin niƙa da na casar shinkafa da na matsar gyaɗa. Hannu akwai. Yaron da ke haɗa motar kara da ta waya mai sitiyari yana nan a kowane lungu, kuma a 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota. Abin da hannun nan bai samu ba shi ne aikin da ke tilasta masa awo na gashin-kai, da mai biya wanda zai jira shekara biyu. Injin niƙa yana yafe kuskuren milimita guda. Tsuntsu mai kuka a cikin akwatin da bai fi kwalin ashana uku ba ba ya yafewa, shi ya sa ya zama makaranta. A Jafan Tanaka Hisashige ya fara ne da 'yan tsana masu harba kibiya, ya ƙera agogonsa na shekara dubu goma a 1851, ya buɗe maƙera a Tokiyo a 1875 wadda ta zama tushen Toshiba.

To me ya hana manyanmu neman irin wannan a gida? Ina ganin abu biyu. Na farko, babban mutum a ƙasar Hausa ba ya rasa kiɗa, kuma kiɗan da yake so mai ambaton suna ne. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata a zamaninsu suna kallon fuskar ubangida su sauya baiti nan take, su tuno kakansa, su soki abokin gabarsa. Akwati ba ya kirari, waƙar da aka kafa masa a Janeba ita zai maimaita ko gaban wa aka ajiye shi. A nan ban ga asara ba, mun riƙe abin da ya fi. Na biyu shi ne batun surori. Malamai da dama suna ƙyamar siffar mai rai, kuma ba yau aka fara ba: molon nan mai tsuntsaye da Thomas Dallam ya kai wa Sarkin Santambul Muhammadu na Uku a 1599, kyautar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, magajinsa Ahmadu na Ɗaya ya sa aka farfasa shi. Ina girmama wannan matsayi. Sai dai bai rufe ƙofa ba, don rabin wannan fanni ba ya bukatar siffar kowa. Agogo mai nuna lokutan salla da manzilolin wata, maɓuɓɓuga mai sauya zubi, ƙofa mai makullin sirri, duk Aljazari da magabatansa sun yi irinsu. Mu kuwa agogon bango mai kiran salla ma tsarabar Makka ne, a Sin aka yi shi.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin birni. Sha'awar manyan Kano da ta tsaya a hannun gida ita ce doki. Saboda hawan Salla da hawan Daushe, sarakuna da hakimai da 'ya'yan attajirai suna zuba kuɗi a sirdi da likkafa da linzami da jalala da ɗan kai, kuma wannan kuɗi a Kurmi da Dukawa da Lokon Maƙera yake sauka. Ba wanda zai ce kayan doki na cikin larurar rayuwa, amma su suka raya dukanci da ƙirar fari da ɗinkin hannu a lokacin da roba ta kashe sana'o'i da yawa. Haka mutanen Sainte-Croix a Suwizalan suka riƙe tasu. Garmaho da rediyo sun kashe kasuwar akwatin kiɗa, masu kuɗi 'yan ƙalilan suka ci gaba da oda, kamfanin Reuge na 1865 yana nan, kuma a 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin gadon ɗan Adam. A 2011 an yi gwanjon wasu bindigogi biyu na zinariya a Hong Kong, waɗanda in an ja kunama tsuntsu ke fitowa ya yi kuka, a kan dala miliyan 5.8.

Ba na fatan wani attajirin Kano ya sayo irinsu ya kulle a sif, don wannan ƙarin akwati rufaffe ne. Abin da nake so ya fi haka araha kuma ya fi wuya: cikin kuɗin da ke tafiya Dubai sayen fitilun falo da agogon hannu, wani ya ware kaso ya ba da odar babban agogo na ƙofar masallaci ko kasuwa, da sharaɗin a Kano za a yanka kowane haƙori, a kuma ajiye zanensa da awonsa a kwalejin fasaha inda ɗalibai za su gani. Masu feƙe ƙarfe na Sharaɗa su yi giya da sanduna, maƙeran fari su yi fuska da kuge, tsofaffin fitocin masaƙu su jagoranci haɗawa tun suna da sauran ƙarfi, a kuma ceto ko da masaƙa ɗaya daga hannun 'yan gwangwan don yara su warware ta su mayar. In ana son ya yi busa, zugazuginsa na bukatar fata mai laushi marar huda, kuma fatar awaki da tumaki da ake jemewa a Challawa ita ce dai ake lodawa zuwa Italiya da Sifen.